Fita ko zama a gida: Lissafin da manoman arewacin Kano ke yi kafin zaɓen 2027

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta ko ta Bichi a ƙarshen kaka, da wuya ya ga daji. Gona ce ke bin gona, ƙauye na hango ƙauye, ga gawo da ɗorawa da kuka tsaitsaye a tsakanin kunyoyi. An girbe gero, an yanke dawa, an ɗora harawa a kan bishiyoyi don kada awaki su kai gare ta.

Ƙasa ce da ba ta hutawa. Gonar da kakanni suka noma ita jikoki ke nomawa duk shekara, sai dai ta ƙanƙance saboda rabon gado. Tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya riƙa rubutu kan yadda manoman kewayen Kano ke ciyar da ɗimbin jama'a daga ƙananan gonaki, da takin dabbobi da aikin hannu.

Inda jama'a suka yi yawa haka, ƙuri'a ma tana da yawa, kuma 'yan siyasa sun san da haka. Sai dai a majalisun da ake zama bayan La'asar a ƙauyukan Dawakin Tofa, Makoɗa, Tsanyawa da Bagwai, ba sunan ɗan takara ake fara jayayya a kai ba idan hirar zaɓen shugaban ƙasa na 2027 ta taso. Akwai tambayar da ke gaba da wannan: a fita ma kuwa?

Miliyan huɗu da suka zauna a gida

Alƙaluman Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, sun nuna cewa mutum 5,921,370 ne ke cikin rajistar masu zaɓe a Jihar Kano a 2023. A ranar 25 ga Fabrairu, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya samu ƙuri'a 997,279, Bola Tinubu na APC ya samu 517,341, Atiku Abubakar na PDP 131,716, sai Peter Obi na LP mai 28,513.

Idan aka haɗa su duka, da na sauran ƙananan jam'iyyu, ba su kai miliyan 1.8 ba. Ke nan sama da mutum miliyan huɗu da ke cikin rajista ba su dangwala wa kowa ba.

A 2015, Muhammadu Buhari shi kaɗai ya samu ƙuri'a 1,903,999 a Kano. Abin da mutum ɗaya ya kwasa a wancan karon ya fi abin da dukkan 'yan takara suka samu a haɗe bayan shekara takwas, alhali rajistar ta ƙaru da kusan mutum miliyan ɗaya.

Akwai masu cewa na'urar BVAS, mai tantance mai zaɓe da yatsa ko da fuska, ita ta rage aringizon da ake yi a da, don haka tsofaffin alƙaluman ba abin dogaro ba ne gaba ɗaya. Maganar na da ƙamshin gaskiya. Amma ba ta isa ta bayyana komai ba, domin a faɗin ƙasar ma waɗanda suka fita a 2023 ba su wuce kashi 27 cikin 100 ba, mafi ƙanƙanta tun dawowar mulkin farar hula a 1999.

Ga wani lissafin da ba kasafai ake yin sa a majalisa ba. Tinubu ya ci zaɓe da ƙuri'a 8,794,726, Atiku na biye da shi da 6,984,520. Tazarar miliyan 1.8 ce da 'yan kai. Mutanen Kano da suka zauna a gida sun ninka wannan tazara fiye da sau biyu.

Abuja na da nisa, amma ta iso gona

Hujjar masu cewa ba za su fita ba a bayyane take, kuma ba ta wasa ba ce. Sun yi layi a rana saboda Buhari har sau biyar, daga 2003 zuwa 2019, kuma duk sau biyar ɗin Kano shi ta bai wa rinjaye. Wasu sun raka ƙuri'a har cibiyar tattara sakamako, sun kwana a can. Da ya hau, ya yi shekara takwas ya sauka, manomi da yawa bai ga bambancin da ya yi tsammani a rumbunsa ba. Buhari ya rasu ranar 13 ga Yulin 2025, aka binne shi a Daura, garin da hanyar Dambatta da Kazaure ke kaiwa. Ga mutanen da suka fara zaɓe saboda shi, babu sauran wani suna da ke tashin ƙauye guda da asuba.

Daga nan sai maganar da aka fi ji: shugaban ƙasa na Abuja, ina ruwansa da mai gona kadada ɗaya a Makoɗa? Gara kansila ko ɗan majalisa, wanda aƙalla za a iya tare motarsa a wurin ta'aziyya.

Sai dai shekaru ukun da suka wuce sun ƙaryata wannan magana a gaban idon kowa.

A farkon 2023, sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya tsayar da kasuwannin ƙauye cak. Mai akuya ya kai ta kasuwar Dambatta ranar Lahadi, babu mai tsabar kuɗin saye. Wanda ba shi da asusun banki ya karyar da kayansa, mai asusun kuma ya biya masu POS lada mai tsada kafin ya ga kuɗinsa. Sai ranar 3 ga Maris, mako guda bayan zaɓen, Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin.

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Mai noman rani a bakin madatsar Watari da ke Bagwai ko ta Thomas da ke yankin Dambatta, wanda injin ban ruwansa fetur yake sha, ya ji wannan jawabi a jikinsa tun kafin ya gama jin fassararsa a rediyo. Haka mai kai buhu biyu kasuwar Dawanau, haka mai kai matarsa awo asibiti a kan babur.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, an rufe iyaka har zuwa Maris ɗin 2024, cinikin hatsi da dabbobi tsakanin Kano da Maraɗi da Damagaram ya ja baya. A Yulin 2024 kuma gwamnatin tarayya ta ɗage haraji na wani lokaci kan shigo da masara, shinkafa, alkama da wake. Farashin hatsi ya sauko a 2025, mai awo a birni ya ɗan numfasa. Manomin da ya sayi taki da tsada, ya zo kaka ya tarar da kasuwa ta faɗi, shi kuma ya shiga lissafin buhu nawa zai sayar kafin ya biya bashin takin.

Duk waɗannan, babu wanda kansila ya yanke. Haka ma tsaro. Hare-haren 'yan bindiga da suka fara tsallakowa daga Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa sun tuna wa mutane cewa soja da ɗan sanda na gwamnatin tarayya ne, ba na ƙaramar hukuma ba.

Abin lura shi ne, wahala ɗaya ce ke haifar da matsaya biyu. Wani ya ce tunda zaɓe ne ya jawo wannan, ya yafe. Maƙwabcinsa ya ce saboda wannan ɗin ne ma zai riga kowa zuwa layi.

Ɗan ci-rani da katinsa

Ba duk wanda bai yi zaɓe ba ne ya yi fushi. Zaɓukan shugaban ƙasa uku na baya duk a rani aka yi su, a Fabrairu ko Maris. A wannan yanki da gona ba ta isa ta riƙe gida shekara guda ba, lokacin ne majiya ƙarfi ke Legas, Abuja, Fatakwal ko Anaca, suna acaɓa, dako, faskare, ga-ruwa ko gadi.

Katin zaɓe kuwa a ɗaure yake da rumfar da aka yi rajista. Wanda ya yi rajista a firamaren ƙauyensu ba zai iya dangwalawa a Agege ba, sai in tun da wuri ya nemi INEC ta sauya masa rumfa. Ranar zaɓe kuma ana hana zirga-zirga. Don haka ɗan ci-rani sai ya auna: kuɗin mota zuwa da dawowa, da kwanakin aikin da zai rasa, a kan ƙuri'a ɗaya.

Waɗanda suka taɓa ƙonewa ba su manta ba. A 2019 an shirya zaɓe ranar 16 ga Fabrairu, mutane suka yi tattaki zuwa gida, sai cikin dare, sa'o'i kaɗan kafin buɗe rumfuna, INEC ta ɗage shi zuwa 23 ga wata. Wasu sun koma bakin nemansu ba su sake dawowa ba. A 2023 kuwa ko kuɗin motar ma ba a samun tsabarsa.

INEC ta buɗe sabuwar rajista a ofisoshinta ranar 25 ga Agustan 2025, bayan ta fara ta intanet mako guda kafin nan. A nan ne ake sauya rumfa, a nemi madadin katin da ya ɓata ko ya lalace, waɗanda suka cika shekara 18 kuma su yi sabo. Ga mutumin ƙauye, wannan ma tafiya ce zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, da kuɗin babur da yini guda. Kuma rajista ba ita ce ƙarshe ba, sai an sake komawa karɓar katin. Mutane da yawa a nan suke yanke shawarar zaɓe ba tare da sun san sun yanke ba: ranar da suka ce sai wani makon.

Sak, ko wake da shinkafa?

Ga wanda ya ƙudura zai fita, sai tambaya ta biyu.

A ranar zaɓen shugaban ƙasa takarda uku ake miƙa wa mutum: ta shugaban ƙasa, ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai. Zamanin Buhari aka yayata kalmar "sak", wato a dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Akasin haka shi ake kira wake da shinkafa, a ɗauki wannan a nan, a ɗauki wancan a can.

Arewacin Kano ya nuna ya iya wannan girki. A 2023 Kwankwaso ya lashe jihar da rata mai faɗi, NNPP ta ɗauki kujerun sanata na Kano ta Tsakiya da Kano ta Kudu, amma a Kano ta Arewa Barau Jibrin na APC ne ya yi nasara, shi ne ma mataimakin shugaban majalisar dattawa a yanzu. Bichi ta mayar da ɗan majalisarta na APC, Abubakar Kabir Abubakar. A mazaɓar Dawakin Tofa, Tofa da Rimin Gado kuwa, mahaifar gwamnan lokacin Abdullahi Umar Ganduje, ɗansa ya sha kaye a hannun Tijjani Abdulƙadir Joɓe na NNPP. Rana ɗaya, rumfuna ɗaya, sakamako daban-daban.

Wannan ba sabon hali ba ne. Ƙasar da NEPU ta kafu a 1950 ce, inda talakawa suka sha ɗauri da bulala saboda bin Malam Aminu Kano. A zaɓen 12 ga Yunin 1993, Kano ta bai wa Moshood Abiola rinjaye a kan ɗanta Bashir Tofa. A 2003 ta kayar da gwamna mai ci, Kwankwaso, ta ɗora Malam Ibrahim Shekarau, a 2011 kuma ta dawo da Kwankwason. Ba banza ake cewa siyasar Kano sai Kano ba.

Muhawarar da ta fi zafi ita ce ta "ƙuri'ar asara". Daga cikin ƙuri'a 1,496,687 da Kwankwaso ya samu a duk Najeriya, kashi biyu cikin uku daga Kano suka fito. Masu sukar wannan zaɓi na cewa an zuba kusan ƙuri'a miliyan ɗaya a inda aka san ba za ta kai Abuja ba. Masu jar hula na mayar da martani cewa wannan ƙuri'ar ce ta share fagen cin kujerar gwamna makonni uku bayan haka, ita ce kuma ta sa har yau duk mai neman shugabanci sai ya yi lissafi da Kano.

Kowannensu na da abin kamawa, amma akwai ƙa'idar da ya kamata ta shiga lissafin. Sashe na 134 na kundin tsarin mulki bai ce yawan ƙuri'a kaɗai ya isa ba. Dole ɗan takara ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi. Tinubu bai ci Kano ba, amma ƙuri'unsa sun kai kusan kashi 30 cikin 100, don haka Kano ta shiga jerin jihohin da suka cika masa sharaɗi. Ƙuri'ar wanda ya zo na biyu ma tana aiki. Kuma da yake da waɗanda suka fita kaɗai ake auna kason, duk wanda ya zauna a gida ya rage yawan ƙuri'un da ɗan takara ke buƙata kafin ya kai wannan kaso, ko da ɗan takarar da ya fi ƙi ne.

Wani abin da ke rikita mai zaɓe shi ne, takardar ba ta ɗauke da hoton ɗan takara. Tambarin jam'iyya ne kawai: tsintsiya, lema da sauransu. A 2023 kwandon kayan marmari aka koya wa tsofaffi su nema idan NNPP suke so, daga baya jam'iyyar ta sauya tambari. 'Yan siyasar ma ba su zauna wuri ɗaya ba. Sanata Kawu Sumaila ya bar NNPP ya koma APC, Ganduje ya ajiye shugabancin APC na ƙasa a Yunin 2025, Atiku ya fice daga PDP, 'yan adawa kuma sun yi haɗaka a ADC a Yulin 2025. Dattijuwar da ta haddace tambari ɗaya a 2023 na iya tarar da gwaninta ya koma ƙarƙashin wani. Sojojin baka na ta fafatawa a shirye-shiryen siyasa irin su Kowane Gauta na gidan rediyon Freedom, amma ba kasafai suke tsayawa su yi wannan bayanin ba.

Taliya da atamfa

A rumfunan karkara, layin mata kan yi tsawo. Abin a tuna ne cewa matan Arewa ba su samu 'yancin zaɓe ba sai 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba. Yau su ne 'yan siyasa suka fi bi har cikin gida, ta hannun shugabannin mata na mazaɓa, da taliya, sabulu, atamfa ko 'yan kuɗi a ƙulle.

Ana yawan yi musu gori da taliyar, kamar maza ba sa karɓa. Alhali maigidan da aka ba buhun taki ko aka yi wa alƙawarin aikin ɗansa, shi ma an saye shi, farashin ne ya bambanta. A gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya da rana ba, wa'azin kada a karɓa yana da wuyar shiga kunne.

A zaɓen 2023, Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta bayarwa da karɓa, da tarar da za ta iya kai naira 500,000 ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun. An kuma hana shiga wurin dangwale da waya, don kada a ɗauki hoton takarda a je a karɓi lada. Shawarar da ta fi yawo a gari ita ce a karɓa, a shiga a zaɓi wanda ake so. Wasu malamai na ganin hakan yaudara ce a kan haram, wasu na cewa dukiyar jama'a ce ta dawo hannun masu ita.

Sai dai a ƙauye asirin ƙuri'a ba shi da kauri kamar a birni. Rumfa ɗaya, dangi ɗaya, wakilin jam'iyya ɗan ƙanin mai unguwa ne, kuma da yamma za a ƙirga a gaban kowa. Idan an raba wa gida arba'in kaya aka ga ƙuri'a goma sha biyu, an san inda za a fara tambaya. Lissafin mai saye kuma mai sauƙi ne: rumfar da mutum 600 ke cikin rajista amma 150 suka fito, da ƙuri'a 80 an gama da ita. Ƙarancin fitowa na sauƙaƙa wa mai jakar kuɗi ciniki.

Bayan an dangwala

Ragowar shakkun na kan abin da ke faruwa bayan an bar rumfa. Kanawa ba su manta da "inkonkulusib" na zaɓen gwamna na 2019 da abin da ya faru a mazaɓar Gama ba. A 2023 INEC ta yi alƙawarin ɗora sakamakon kowace rumfa a shafinta na IReV nan take, amma na shugaban ƙasa ya yi ta jinkiri, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Sannan kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'a 165,663 na Abba Kabir Yusuf saboda rashin hatimi da sa hannu a bayan takardun, Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta ce ba shi ne gwamna ba, sai ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa.

Masu cewa ƙuri'a ba ta da amfani na kafa hujja da watannin da aka kwashe ana wannan shari'a. Masu cewa tana da amfani na kafa hujja da yadda ta ƙare. Darasin da ya fi kusa da hannun mai zaɓe shi ne ƙarami: ya juya takardar da aka miƙa masa ya duba hatimi, sa hannu da kwanan wata kafin ya dangwala, ya kuma kula kada tawada ta taɓa gida biyu.

A zaɓen da ya gabata ƙarfe 8:30 na safe aka tsara buɗe rumfa, a rufe layi 2:30 na rana, duk wanda ke kan layi a lokacin kuma sai ya yi. Tsofaffi, masu juna biyu, masu goyo da masu buƙata ta musamman ana ba su gaba. Idan an gama, ana ƙirgawa da babbar murya, a rubuta a takardar sakamako, wakilan jam'iyyu su sa hannu su karɓi kwafi, a liƙa sakamakon a rumfar. A nan wayar da aka hana shiga da ita take da amfani, don babu mai hana ɗaukar hoton abin da aka liƙa a bango.

Yanzu dai an kusa gama kai amfani gida. A tashoshin Bichi da Dambatta motocin kudu sun fara lodin 'yan ci-rani, kowa da jakarsa da ɗan ƙunshin garin kwaki ko ƙuli-ƙuli. Wasu katin na aljihunsu tare da katin ɗan ƙasa. Wasu sun bar shi a ɗakin uwargida, cikin kwalla, tare da takardar gona.